Ragar gaban mota da ta koɗe: abin da ke sa fenti ya kama ta ko ya ɗaye

Duk wanda ya riƙe mota shekara biyar ko shida a ƙasar Hausa, musamman idan a fili take yini, ya ga yadda baƙar robar gabanta ke rikiɗa daga baƙi wuluk zuwa ruwan toka, daga nan kuma ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Ragar nan da ke tsakanin fitilu biyu, wadda iska ke bi ta cikinta ta isa lagireto, wadda masu gyara ke kira giril, ita ce ke fara tona shekarun mota ko da fentin jikinta yana nan da ƙyallinsa. Ana iya sabunta ta a gida da gwangwanin feshi biyu ko uku, kuma aikin bai fi ƙarfin wanda bai taɓa riƙe bindigar fenti ba. Sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka gwada sukan ga fentin ya fara ɗayewa kafin a je ko'ina, su ɗora laifin a kan gwangwanin da suka saya, alhali matsalar ta faro tun kafin a buɗe murfinsa.

Koɗewar ba datti ba ce, shi ya sa sabulu ba ya fitar da ita. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV, kuma shi ne, tare da iskar oksijin da zafi, yake tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarin da aka ƙera robar da shi. Fuskar robar sai ta rududduge ta zama gari-gari, ta yi ƙananan tsage da ba a gani sai da madubin ƙara girma, kuma waɗannan tsagen ne ke warwatsa haske har ido ya ga fari a inda da yake ganin baƙi. Wanda ya lura da kujerun roba na haya da ake jerawa a wurin biki ya riga ya san wannan cuta: kujerar da ta daɗe a rana takan yi fari, idan aka goga yatsa a kanta gari ya biyo, wata rana kuma ƙafarta ta karye da mutum a kai. Yawanci abin da ya mutu a jikin raga ɗan siririn saman ne kawai, ƙasansa kuma lafiyayyar roba ce. Duk fentin da aka fesa a kan wannan mataccen sama, to garin ya kama, kuma ranar da garin ya saki, tare za su tafi.

Tambayar da ya kamata a fara yi ita ce, wace irin roba ce? Mu a baki duk roba muke cewa, amma kamfanonin ƙera motoci suna amfani da iri daban-daban, kuma sukan buga sunan kowanne a bayan kayan, haruffa ƙalilan a tsakanin alamomi biyu masu kama da kan kibiya. Idan aka juya ragar aka share ƙurar bayanta, yawanci za a ga ABS, ko ASA, ko PP, ko PP+EPDM, wani lokaci kuma PP-TD20, wato PP da aka gauraya da kashi 20 cikin ɗari na hodar dutse don ta ƙara tauri. ABS roba ce mai tauri wadda fenti ke so, ita ce kuma ake yi wa rufin azurfa mai ƙyalli, amma akwai wani sinadarin danƙo a cikinta da rana ke saurin cinyewa. ASA ƙanwarta ce da aka sauya wa wannan sinadari don ta jure rana, saboda haka ba ta cika koɗewa da wuri ba. PP kuwa, wadda da ita ake yin kujerun da na ambata da mafi yawan bambar motocin zamani, ita ce mai taurin kai. Fuskarta ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe gam, ba ta riƙe fenti. Ɗigon ruwa a kanta yakan dunƙule ya gangara kamar yadda yake yi a kan ganyen gwaza, kuma abin da ruwan ya yi shi fenti zai yi, sai dai shi yakan jinkirta.

Idan rubutun ya goge ko ba a same shi ba, akwai gwajin da ake yi da kofin ruwa. A yanko ɗan ƙaramin ɓalli daga bayan ragar, inda ba za a gani ba, a jefa a ruwa. PP ta fi ruwa rashin nauyi, don haka takan taso, ABS kuma takan nutse. Gwajin ba ya rasa kuskure, domin PP mai hodar dutse da yawa ita ma tana iya nutsewa. A ganina idan aka yi shakka gara a ɗauka PP ce a yi mata shirin PP, tunda wannan shirin ba ya cutar da ABS, amma rashinsa yana lalata aikin PP gaba ɗaya.

Sai batu na biyu, wanda a wurinmu ya fi ko'ina tsanani, wato man da aka daɗe ana shafa wa ragar. A wuraren wankin mota, bayan an ɗauraye an goge, yaro yakan ɗauko soso ya tsoma a ruwan ƙyallin taya ya bi duk baƙar roba da shi, mai mota ya ga gaban motarsa ya dawo sabo ya ƙara masa wani abu a kan kuɗin wanki. Wasu ma baƙin mai suke shafawa, wasu man birki, wanda shi ya fi duka haɗari domin yana cin fentin jikin mota idan ya ɗiga a kansa. Yawancin ruwan ƙyallin nan silikon ne a ciki, wani sinadari mai maiƙo da santsi, kuma silikon yana shiga cikin tsagen da rana ta yi ya zauna, ta yadda wanki ɗaya ba ya fitar da shi. Ni da kaina na sha wannan darasi a kan wata Corolla ƙirar 2005 da na riƙe. Na wanke ragar da omo, ta bushe, na fesa baƙin fenti tana jikin mota, ina ganin na gama dabara. Tun feshin farko na ga fentin yana buɗewa yana yin 'yan ramuka zagaye-zagaye kamar idon kifi, ni kuma don in rufe su sai na ƙara kauri. Bayan mako uku na kai ta wanki, yaron ya saita mata bututun ruwa mai ƙarfi, na tsaya ina kallo fentin yana tashi falle-falle kamar ɓawon albasa, ƙasansa kuma robar tana nan da maiƙonta. Yaron ya waiwayo ya ce, “Alhaji, wallahi ba ni ba ne,” kuma gaskiya ya faɗa, ko da yake man da ke ƙarƙashin fentin hannunsa ne ya shafa shi wata da watanni.

Saboda haka a cire ragar daga jikin mota. Wanda ya fesa ta a inda take ba zai iya wanke lungunanta ba, ba zai kai fenti cikin ramukanta daga kowane ɓangare ba, kuma ƙurar feshin za ta wuce ta sauka a kan kwandensar na'urar sanyaya mota da lagireto da ke bayanta, da fitilu da ke gefenta. A motoci da dama, idan aka ɗaga bonet za a ga 'yan maƙalan roba da sukurori kaɗan a sama, sai kuma harsunan da suka shige cikin bamba a ƙasa. A wasu kuma ragar daga ciki aka ɗaure ta, dole sai an sauke bambar gaba ɗaya, kuma a nan ya fi kyau a nemi mai gyaran jiki ya sauke ta. Maƙalan da suka sha rana sukan karye ko da an bi su a hankali, don haka ya kamata a tanadi sababbi tun kafin a fara. Ana samun su a wurin masu kayan gyara, a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a tafi da guda ɗaya a hannu don a gwada girma. A ɗauki hoto da waya kafin a kwance komai. Tambarin kamfani kuma, idan yana fita, a cire shi a ajiye gefe, idan ba ya fita a rufe shi da tef na takarda.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma a nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na ruwa, wanda aka yi shi don yanke maiƙo, da tsohon buroshin haƙori, a bi kowane rami ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, a ɗauraye, a sake. Ragar da aka daɗe ana shafa wa mai tana iya buƙatar wanki uku. Alamar da ake dubawa ita ce yadda ruwa ke kwanciya: a kan ABS mai tsabta ruwa yakan shimfiɗu, inda ya dunƙule kuwa akwai sauran mai. Bayan ta bushe sai a goge ta da sifirit irin na kemis, da tsumma fari mai tsabta, ana shafawa da ɗaya ana ɗaukewa da wani kafin ya bushe, domin idan aka bar shi ya bushe da kansa man da ya narkar yakan koma ya kwanta. Kada a kusantar da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ko asiton, irin wanda ke cikin ruwan goge jan farce, domin suna narkar da ABS, fuskarta ta yi laushi ta yi danƙo ko ta tsattsage. Fetur da kananzir, waɗanda hannu ke saurin kaiwa gare su a gareji, suna barin nasu maiƙon. Wankin kuma shi ke zuwa kafin sanfefa, domin wanda ya goga sanfefa a kan roba mai mai ya tura man cikin zanen da ya yi ne.

Gugar tana da manufa biyu, a cire mataccen saman, a kuma yi wa fenti ƙananan zane da zai riƙe. A kan roba mai santsi sanfefa mai lamba 400 zuwa 600 ta isa, a jiƙa ta da ruwa, a yi ta gugar sama-sama har ko'ina ya dushe ba sauran wuri mai sheƙi. Mai lamba 180 ko 220 ta yi kaushi, zanenta zai fito ta cikin fenti, a kan PP kuma takan tayar da wani gashi-gashi da ba ya kwanciya. Idan robar mai gurza-gurza ce daga kamfani, kada a nemi a baje ta, a yi amfani da soson guga mai ruwan toka da masu fenti ke sayarwa, wanda ke shiga lungu ya lanƙwashe. Cikin ramukan raga, inda yatsa ba ya shiga, a naɗe soson a kan tsinke ko fensir. Aiki ne mai gundura, kuma daga waɗannan lungunan da aka tsallake ne ɗayewa ke farawa. Bayan guga a sake wankewa, a bar ta ta bushe sarai, a duba kusurwoyi domin ruwa yakan ɓuya a cikinsu ya fito lokacin da iskar gwangwani ta buge shi, a sake gogewa da sifirit, daga nan kuma kada a sake taɓa fuskarta da hannu tsirara.

Abin da ke haɗa PP da fenti shi ne wani ruwa garai-garai, kusan marar launi, da ake kira faraimar roba. Ba irin faraima mai ruwan toka da ake fesa wa ƙarfe ba ce, wadda ke cike rami. Ita wannan aikinta ta kama robar ta gefe ɗaya ta ba fenti wurin kamawa ta ɗaya gefen. Masu sayarwa sukan miƙo ta ƙarfe idan aka ce faraima kawai, don haka a karanta jikin gwangwanin a tabbatar an rubuta cewa ta roba ce, kuma an ambaci PP. Sirara ake fesa ta, sau ɗaya ko biyu, kamar raɓa. Idan ta yi kauri ita kanta takan zama abin da ke ɗayewa. Tana kuma da ƙayyadadden lokaci, yawanci mintuna ne, wanda a cikinsa ake so a ɗora fenti, kuma kowane kamfani ya rubuta nasa. Wanda ya fesa ta yau ya dawo gobe da fenti ya yi asarar amfaninta.

Wajen zaɓen launi, baƙi mai matsakaicin sheƙi ya fi kama da yadda ragar ta fito daga kamfani. Mai ƙyalli sosai yana nuna duk wani zane da ƙura, marar sheƙi ko kaɗan kuma yana riƙe ƙura ya yi fari da wuri, abin da ake gudu tun farko. A girgiza gwangwani minti biyu cikakku bayan an fara jin ƙarar ƙwallon cikinsa, a gwada a kan kwali, a riƙe shi kimanin taƙi guda daga ragar, santimita 20 zuwa 25. A fara danna kan tun kafin hannu ya iso kan ragar, a saki bayan ya wuce ta, domin a farkon dannawa da ƙarshenta ne gwangwani ke tofar da manyan ɗigo. Feshin farko ya zama sama-sama har ana hango robar ta cikinsa, a jira minti 10 zuwa 15, a ƙara na biyu da na uku. Raga tana da wahalar da faffadan ƙarfe ba shi da ita: idan aka tsaya daga gaba kawai, fuskar sandunan za ta cika har fenti ya zubo alhali cikin ramukan bai samu ba. Dabarar ita ce a fara da baya da cikin ramuka, ana karkata gwangwanin daga sama, daga ƙasa, daga dama da hagu, a bar fuskar gaba ta zama ta ƙarshe. Fentin gwangwani da dama sun rubuta cewa a ƙara wani feshi cikin awa guda ko kuma a haƙura sai bayan awa 48. Wanda ya ƙara a tsakanin nan yakan wayi gari fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka, domin sabon ya narkar da na ƙasa da bai gama ƙarfi ba.

Yanayi yana da nasa hukuncin, kuma umarnin da ke jikin gwangwani ba da rana irin tamu aka auna shi ba. Yawancinsu suna son zafi tsakanin digiri 10 zuwa 32, alhali a watan Afrilu Kano da Sakkwato da Maraɗi sukan kai 40, baƙar roba da ke cikin rana kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. A irin wannan zafin fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, ya kwanta da kaushi kamar sanfefa. A tsakiyar damina, wajen Agusta, danshi yakan shiga cikin fentin ya bar masa wani hazo fari. A hunturu kuma ƙura ce, wadda ke sauka a kan ɗanyen fenti ko da ido bai gan ta a iska ba. Lokacin da na ga ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa farkon Nuwamba, kafin hazo ya sauko. In ba haka ba, a zaɓi safiya marar iska, a cikin inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a kuma kifa babban kwali a kan ragar tsakanin feshi da feshi. Wurin ya kasance iska na ratsawa, nesa da murhu da janareta domin abin da ke fita daga gwangwanin yana kama wuta, kuma a sa takunkumi.

Ana iya ɗora ruwan kariya marar launi a sama, kuma yana ƙara wa aikin kwana a rana. Akwai mai haɗi biyu, wanda aka rubuta wa 2K, da ake fasa wani maɓalli a gindin gwangwanin sinadarai biyu su gauraya. Ya fi tauri, ba ya jin fetur, amma da zarar an fasa shi sai a yi amfani da shi cikin kimanin kwana biyu, kuma yana ɗauke da sinadarin da ke yi wa huhu lahani, wanda takunkumin ƙyalle ba ya tarewa. Wanda ba shi da takunkumi mai matatar sinadari ya tsaya a kan na gama-gari.

Akwai ragar da ba a yi wa wannan aikin kai tsaye. Mai rufin azurfa, wadda ABS ce da aka lulluɓe da jan ƙarfe da nikel da kurom, fenti ba ya kama ta sai an goge ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, kuma idan rufin ya riga ya fara kumbura yana tashi, gefensa yana yanka kamar reza, fenti ba zai tsayar da shi ba. A nan sayen wata ragar ta Kwatano ya fi arha a kan wahalar. Haka ma wadda robarta ta yi gautsi har harsunanta ke karyewa da taɓawa. Sai kuma sababbin motoci, waɗanda ke da na'urar hango abin da ke gaba. Toyota ta fara saka tsarin da ta kira Safety Sense a 2015, kuma a motocinta da dama na bayan nan na'urar hangen, wadda ake kira rada, tana zaune ne a bayan tambarin da ke tsakiyar raga, wanda za a ga fuskarsa shafe take kamar gilashi. Littafin motar ya hana a yi wa wannan wuri fenti ko a liƙa masa wani abu, domin yana iya rikita birkin da ke kama kansa. Dabarar nan kuma ta bi robar da bindigar zafi ko harshen wuta, wadda ake yawan gani a bidiyo, tana dawo da baƙi nan take domin tana narkar da saman ne, amma ba ta daɗewa, kuma duk maimaitawa tana ƙara wa robar gautsi.

Fenti yakan bushe a taɓa shi cikin awa guda, amma ƙarfinsa sai bayan kwanaki. A bar ragar aƙalla kwana biyu a inuwa kafin a mayar da ita. Kafin nan ana iya gwada kamun a bayanta, inda aka fesa amma ba a gani: a yi 'yan zane masu gicciye da reza, a manna salatif a danne, a fizge. Idan fenti ya biyo, gara a sani yanzu da ragar ke hannu. Wajen mayarwa a fara shigar da harsunan ƙasa, a danna da tafin hannu ta kan tsumma, a sa sababbin maƙalai, a rufe bonet a hankali a tabbatar bakinsa ba ya gogar sabon fentin. Mako biyu na farko a wanke gaban motar da soso da bokiti kawai, ban da bututu mai ƙarfi, kuma a gaya wa mai wanki tun kafin ya tsoma sosonsa cewa ragar nan ba a shafa mata komai.